Baƙin Tsumman Cikin Akwati

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya tarin? Ina fata ana samun sauƙi, kuma 'yarka da mijinta ba su gaji da gardamarka ba tukuna. Ni nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Na ɗauki biro ne saboda waya ba ta yi mana rana. Kalma uku kake faɗa tari ya sarƙe ka, ni kuma in tsaya riƙe da waya ina jin abin har cikin ƙirjina.

Jiya 'yarka ta ba ni labarin yadda kuka yi da likita. Wai ya tambaya ko kana kiwon tattabaru, ko kuma ɗakin kwananmu yana da danshi. Danshi a ɗakina? Da ina wurin da ya ji amsa, don ba a banza ka sa mini Uwar Sabulu ba. Ta ce da ya ji shekara arba'in kana busa a badujala, har bayan ritaya ba ka fasa ba, sai ya ajiye biro ya tambayi yaushe rabon da a tsabtace cikin abin busar. Ta ce sai ka hau kallon silin. Shi kuma ya ce fumfuna kan yi gida a ciki, mai busa ya riƙa shaƙa har huhu ya ƙi, kuma in ba a kawar da fumfunar nan ba, kai da busa sai labari.

Na san dokarka. Shekara talatin da uku ina jawo akwatin abin busar nan naka, kilarinet, daga ƙarƙashin gado, in share in mayar, ban taɓa ɗaga murfinsa ba. To yau na ɗaga. Maigida, warin da ya tarbe ni sai da na ja da baya. Na ɗauki gaɓa ɗaya ta kilarinet ɗin na leƙa cikinta a hasken taga, na ga abin da ba zan rubuta a takarda ba. Ashe wannan kake zuƙa kullum, ni ina nan ina fama da wankin labule.

Kada ka damu, na gama da matsalar. Na tafasa ruwa, na cika babban baho, na zuba garin sabulu, na jiƙa gaɓoɓin nan biyar awa guda. Na bi cikinsu da buroshin kwalba, na ɗauraye ruwa uku, na shanya a rana. Yanzu ƙarafunan sai walƙiya. Wasu 'yan fatu zagaye-zagaye kamar maɓallan riga sun taso saman ruwa, na tsince su na adana maka a kofin shayi, guda goma sha bakwai. Bakin da kake sawa a leɓe ya koma kore-kore, ina jin asalin launinsa ke nan datti ya rufe. Akwai kuma wani baƙin tsumma mai igiya da na samu a lungun akwatin, shi na jefa cikin bokitin tsummokin goge ƙasa, don can ne wurinsa.

Ka faɗa wa likita an yi abin da ya ce. Ka ci abinci, ka sha magani ba tare da an roƙe ka ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Matarka,
Uwar Sabulu

*

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. An ce tarin ya ɗan lafa har kana barci, na gode wa Allah.

Kwana huɗu ke nan ban ji daga gare ka ba. 'Yarka ta ce ka karanta takardata sau biyu, ka ninke, ka juya fuska bango, ko shayi ba ka sha ba ranar. Da farko haushi na ji, na ce mutum ya yi aiki har bayansa ya riƙe, ko sannu babu. Sai da na zo harhaɗa gaɓoɓin suka ƙi shiga juna, ɓawon toshiyar da ke bakin kowace gaɓa ya kumbura yana ɓarewa a hannuna, sannan na gane na yi ɓarna.

Na kwashi komai har kofin shayin na tafi wurin Mai Tabarau, abokinka mai gyaran kayan busa, a ɗan shagonsa na saman bene, sama da telan nan. Tun daga ƙofa ya gane akwatin. Da ya buɗe na faɗa masa abin da na yi, sai ya cire tabaransa ya ajiye, ya zauna yana jujjuya gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya ya yi mini bayani a hankali. 'Yan fatun nan su ne ke rufe ramuka, ruwan zafi ya narkar da gam ɗinsu, kuma sun tashi aiki. Toshiyar ma sai sabuwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin tsoro shi ne katakon. Ya sha ruwa ya ƙoshi, na kuma kai shi rana, alhali shi baƙin katakon nan ba ya son gaggawa. Ya naɗe gaɓoɓin a zane ya sa a inuwa, ya ce sai an yi mako biyu a gani. In gaɓar sama ta tsage ta ratsa ramuka, ko an liƙe muryar ba za ta dawo yadda ka san ta ba.

Na yi kuskure, kuma na amsa. Amma bari in faɗi nawa, don ka san ba na iya haɗiye magana. Shekara talatin da uku muna ɗaki ɗaya, da ka taɓa zaunar da ni ka ce ga yadda ake kula da abin nan, da ban kai shi baho ba. Kullum sai dai kada a taɓa, kada a taɓa.

Yanzu kullum da hantsi ina shagon. Mai Tabarau ya jawo mini durowa ya nuna mini kayan aikin: ƙyalle mai igiya da ɗan nauyi a ƙarshenta, wanda ake zurawa ta ciki a jawo bayan kowace busa don ya kwashe danshin numfashi, da man toshiya a 'yar roba kamar ta man leɓe, da ɗan buroshin baki, da man ƙarafuna da ake ɗigawa da tsinin allura, da 'yar takarda mai shanye ruwan ƙarƙashin fata. Bakin kaɗai ake wankewa, shi ma da ruwan sanyi. Ƙyallen kuwa, ya ce dole a riƙa wanke shi duk mako, in ba haka ba shi ne zai riƙa mayar da dattin ciki. Da na ji haka na ce ashe dai akwai aikina a sana'ar nan, ɓoye mini aka yi.

Ina jin tsoro, Maigida. Ina tsoron ka warke ka dawo ka tarar na kashe maka abin da ka fi so. Ka rubuto ko da faɗa ne.

Taka,
Uwar Sabulu

*

Maigidana,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki. Direba ya kawo takardarka yau da safe.

Na buɗe na gyara zama don shan faɗa, sai na ga layi biyu kacal. Ka ce, “Katako in ya tsage ya tsage. Tsumman nan fa, kin zubar?”

Na karanta na sake karantawa, na ce lallai ciwon nan ya taɓa maka kai. Duk da haka na tashi na zazzage bokitin a tsakar gida. Yana can ƙasa, Allah ya taimake ni ban kai ga goge ƙasa da shi ba, don ƙyamarsa nake. Na sa a ƙaramin kwano da ruwan sanyi, na riƙa matsawa a hankali kamar yadda Mai Tabarau ya koya mini haƙuri. Ruwa na farko baƙi, na biyu baƙi. A ruwa na huɗu sai na ga zare ja a kusurwa. A na biyar tsuntsu ya fito, mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera.

Na gane shi. Hankicin da na yi maka ɗinkin hannu ne kafin aurenmu, wanda ka ce tsuntsun ya fi kama da agwagwa mai ɗingishi, na yi fushi kwana uku. Tun shekarar farko na neme shi cikin kayan wanki na rasa, ka ce ya faɗi a wurin fareti. Ashe igiya ka ɗinka masa, ɗinkin ma na maza, kana zura shi cikin kilarinet kullum. Ka kuma hana ni buɗe akwatin don ka san hannuna, in na kama abu da wanki sai na ga bayan launinsa.

Na zauna a bakin famfo na yi kuka, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani labari aka aiko. Na ce mata a'a, wani wawan tsoho ne ya kusa kashe kansa saboda agwagwa. Haushinka nake ji har yanzu, kuma ban taɓa jin ina son ka kamar yau ba. Ka haɗa biyun ka riƙe.

Yana nan a inuwa yana bushewa. Tsuntsun bai goge ba.

Matarka,
Uwar Sabulu

*

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da murna. 'Yarka ta ce likita ya sallame ka, ranar Asabar za ku taso, kuma bayan wata guda za ka iya fara busa kaɗan-kaɗan in abin busar yana da tsabta. Allah ya kawo ku lafiya.

Katakon bai tsage ba. Mai Tabarau ya haska shi da fitila gaba da baya, ya shafe cikinsa da mai, ya sa sabbin fatu da sabuwar toshiya. Bakin dai ya zauna a kore, wannan sai ka haƙura ka riƙa tunawa da ni.

Ga sabuwar doka, tunda taka ta faɗi. Tsohon hankicin ba zai ƙara shiga cikin kilarinet ba. Na goge shi na ninke, wurinsa aljihun rigarka. Na ɗinka sabbin ƙyallaye uku masu igiya, na yi wa kowanne tsuntsu a kusurwa, kuma da gangan na gajarta ƙafa ɗaya. Duk mako zan wanke su, in tsuntsu ya koɗe in sake wani. Ina raye, Maigida, zare kuma bai ƙare a kasuwa ba.

Sai abu na ƙarshe. Jiya da la'asar, lokacin da ka saba zama bakin taga kana busa ina mitar ka hana ni jin rediyo, shirun gidan ya ishe ni. Na shafa man toshiya, na harhaɗa gaɓoɓin, na ɗaura wa bakin ɗan siririn karan nan mai fitar da murya, na cika kumatu na hura. Abin da ya fito, kajin maƙwabta sai da suka watse. Maƙwabciya ta zo da sauri tana murnar ka dawo, da ta gan ni riƙe da abin ta ce dama ta yi mamaki, ta ɗauka jikin ne ya ƙara tsanani.

Na zura ƙyalle na goge ciki kafin in mayar, kada ka tambaya. Kujerarka na nan bakin taga, rediyon kuma na kai shi ɗakin girki. Ka dawo ka dame ni.

Taka har kullum,
Uwar Sabulu