Direban da Ya Tsaya

Kudan, 5 ga Disamba, 1963

Zuwa ga Yaya Uwaliya, a Ikara. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina gaida Malam da yara da duk mutanen gida.

Bayan haka, Yaya, kada hankalinki ya tashi, ina da rai. Ran kasuwar Maƙarfi na sayar da mazarƙwailata ina komowa a keke, sai wata jar mota ta kwashe ni kusa da Dandamisa. Ko birki mutumin bai taka ba. Ƙafata ta dama ta karye a ƙauri. Na daɗe kwance a bakin hanya ba kowa, har Allah Ya kawo wani direba mai koriyar mota, Uwaisu sunansa. Ya tsaya, ya yagi rawaninsa ya ɗaure mini, ya kawo ni nan gidan maɗori.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Kafin mu iso na suma. Mutane suka ga jini a rigarsa da cikin motarsa, suka ce ai shi ne, suka hau shi da duka, 'yan doka suka tafi da shi. Yau kwanansa tara a tsare. Maɗori kuma ya ce kwana arba'in ba motsi. Yaya, me zan yi?

Na bar ki lafiya. Ƙanenki, Mamuda.

Ikara, 9 ga Disamba

Mamuda,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Sannu, Allah Ya sa kaffara ne. Malam na gaishe ka, an yi maka addu'a a zaure.

Kwana tara kafin ka sanar da ni? Ni ce ta ƙarshe ke nan, ni da na goya ka? Da ba don nauyin cikin nan ba, da yanzu ina kanka.

Ka saurare ni da kyau, don na san halinka na rawar kai. Kada ka kuskura ka ɗaga ƙafar nan. Ka rubuta wa alƙali takarda, ka faɗi launin motar da ta buge ka, mai unguwa ya kai. Shi ke nan, ka fita haƙƙin bawan Allah. 'Ya'ya huɗu gare ka, ga gonar rake. Wa zai nome maka? Ni? In ka tashi daga tabarmar nan, wallahi ba ni ba kai.

Ka sha romon ƙashi. Allah Ya ba da lafiya. Yayarka, Uwaliya.

Kudan, 16 ga Disamba

Zuwa ga Yaya. Bayan gaisuwa da girmamawa, na ga saƙonki, na gode.

Na yi yadda kika ce. Mai unguwa ya kai takardar, ya dawo da ita. Alƙali ya ce takarda ba ta rantsuwa. Mutum uku sun riga sun ba da shaida cewa sun ga motar Uwaisu ta bar kasuwa a guje, saboda haka sai na zo da bakina. Ran Litinin mai zuwa za a yanke hukunci.

Matarsa Mero ta zo. Ba ta roƙe ni komai ba, Yaya, da ma ta zage ni. Ta gaishe ni, ta ajiye kwanon fura, ta zauna a bakin ƙofa da goyo har la'asar. Na kasa shan furar.

Na tambayi maɗori. Ya ce ƙashin bai kama ba, in na hau amalanke zuwa gaban alƙali a hanyar nan, to in nemi wani, shi ya cire hannunsa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ina son ƙafata. Amma mutumin nan da ya wuce abinsa, da yanzu yana gida da iyalinsa.

Ki yafe mini. Mamuda.

Ikara, 19 ga Disamba

Mamuda,

Na karanta wa Malam wasiƙarka don ya tsawata maka, sai ya tashi ya fita. Ni kuwa kuka nake ta yi. Haushinka nake ji. In ka ƙi ji, to a shimfiɗa maka tsumma da yawa a amalanken, a tafi a hankali.

Maganar ba ni ba kai, bar ta.

Uwaliya.

Kudan, 2 ga Janairu, 1964

Yaya, ina gaisuwa.

Na je, na rantse, an sake shi. Jar motar har yau ba labari. Ƙashin ya goce a hanya, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Gobe za a kai ni asibiti Zariya, malamin magani ya ce in shirya zuciyata, da wuya su bar ta.

Uwaisu ne zai kai ni. Ya zo jiya, ya rame, haƙoransa biyu babu. Ya riƙe hannuna ya yi ta godiya. Da zai fita na ce Allah Ya saka masa, Ya ƙara yawan irinsa a hanya. Sai ya juyo ya ce, "Malam Mamuda, kada ka yi mini wannan addu'a. Wallahi ko wa na ƙara gani kwance, ba zan tsaya ba."

Ki sa ni a addu'a. Ƙanenki, Mamuda.