Suna So Baba Ya Ɗaga Hannun Ɗan Dogo

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na faɗa wa a gida sai ya ce na cika riƙo.

Mahaifina tsohon ɗan majalisar jiha ne. Da can gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa. Da shugaban makarantar da ya fara riƙe kujerar mazaɓarmu ya rasu, 'yan kasuwa suka tasa Baba gaba sai da ya tsaya. Ya ci, ya sake ci. Na taso ɗakin baƙinmu ba ya rabuwa da jama'a, takalma har bakin titi, marigayiya Mama tana mita wai ko kofin shan ruwa ba a bar mata ba. Mai haɗa masa mutane a lokacin wani amininsa ne, Dogo. Tare suke cin abinci a kwano ɗaya, mu kuwa Kawu muke ce masa.

Da 'yan adawa suka karɓi gwamnatin jiha, Dogo ya koma wajensu. Baba ya haɗiye wannan. Abin da ya karya shi shi ne sake shata iyakar mazaɓar. Dogo ya san kowane lungu da ke zaɓen Baba, tunda shi ya bi su gida-gida. Aka yanke kasuwa da unguwar ma'aikata aka liƙa wa wata mazaɓa, iyakar ta bi ta kwatar ƙofar gidanmu. Ranar zaɓe, maƙwabtanmu na tsallaken titi, waɗanda suka sha ɗaukar Baba a kafaɗa, suna tsaye a ƙofofinsu suna kallonsa, ba su da ikon jefa masa ƙuri'a. Ya faɗi, Dogo ya hau. Bayan Dogo surukinsa ya hau, sai wani ɗan kwangila da ba mu taɓa ganinsa ba sai a fosta. Baba bai taɓa zagin Dogo ba, har jana'izarsa ya je. Amma ya sha faɗa mana cewa muddin yana numfashi, hannunsa ba zai ɗaga na wani ɗan gidan Dogo ba.

Yanzu Baba ya tsufa, mantuwa ta kama shi. Ni nake kula da shi tunda na dawo gida. Kullum da safe sai ya sa na goge masa riga, ya maƙala biro a aljihu, ya zauna a ɗakin baƙi yana jiran mutanen mazaɓa. Ba mai zuwa sai telan layinmu, Allah ya saka masa, da yake leƙowa ya kawo ƙarar wani famfo da aka gyara tun ina 'yar firamare. Baba ya saurare shi da kyau, ya yi alkawarin zai tayar da maganar a majalisa. Ni kuma in shiga kicin in yi kukana.

To ana wata ga wata. Ɗan Dogo ya fito takarar kujerar, Yayana kuma ya shige tafiyarsa, don ya daɗe ba aiki kuma an yi masa alkawari. Yaya ya kawo shi gida gaisuwa. Yaron kamar an tsaga kara da ubansa. Baba na ganinsa ya miƙe da kansa, ya rungume shi, ya ɗauka Dogo ne na zamanin da, yana tambayarsa ko an gama liƙa fostoci a kasuwa. Anti, ranar Baba ya cinye abincinsa tas, ya yi dariya, har ya kira ni da sunana, abin da na daɗe ban ji ba. Tun ranar yaron yake zuwa, har keken guragu sabo ya kawo masa.

Sai shekaranjiya Yaya ya fito da maganar. Mako mai zuwa akwai taro a filin ƙwallo, suna so a hau da Baba dandamali ya ɗaga hannun yaron, don tsofaffin mazaɓa har yanzu suna jin sunansa. Na san zai ɗaga, da murnarsa ma. Yaya ya ce wanda ya mutu ya tafi da nasa, kuma ni ce nake so in kulle tsoho a ɗaki ya mutu da kaɗaici. Wannan magana ta yi mini ciwo, don akwai gaskiya a cikinta. In na hana, ƙila yaron ya daina zuwa, Baba ya koma zaman jiran tela. In na bari, za a sa shi ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba, a gaban mutanen da suka san rantsuwar. Gaba kura, baya sayaki. Yaya zan yi?

'Yar Tsohon Wakili

Amsa

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Jinyar mai mantuwa ba ƙaramin aiki ba ce, kuma ba riƙo nake gani a wasiƙarki ba.

Mu fara da adalci. Yaron nan ba shi ya shata iyaka ba, bai kamata a ɗora masa laifin mahaifinsa ba. Yayanki ma ba mugu ba ne, zaman banza ne ya ishe shi. Farin cikin da Baba yake yi kuwa na gaske ne, ko da a kan kuskure aka gina shi. Kada ki yi ƙoƙarin tuna masa abin da Dogo ya yi. Zai ji zafin sabo fil, gobe ya manta, ke ki kwana da nadama.

Amma ziyara daban, dandamali daban. Ɗaga hannu shaida ce. Jama'a za su koma gida suna cewa tsohon wakili ya yafe ya kuma amince, alhali bai san a gaban wa yake tsaye ba. Da yana cikin hayyacinsa ya sauya ra'ayi, da ni zan fara ce miki ki kauce. Ba haka abin yake ba.

Ki sami Yaya ku biyu, ba a gaban matarsa ko abokan tafiyarsa ba. Ki ce masa ya je ya ɗaga hannun wanda ya ga dama, wannan haƙƙinsa ne. Ki nemi likitan Baba ya yi masa bayanin yadda cunkoso da ƙarar lasifika ke rikita irin wannan mara lafiya. In akwai gwaggo ko baffa da Yaya ke jin nauyi, ki jawo su tun yau. Sannan ki gaya wa yaron da bakinki, cikin mutunci, cewa ƙofa a buɗe take gare shi kullum, amma ban da hoto, ban da filin taro. Keken ma ki nuna a shirye kike ki mayar, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa yaron ya ɗauke ƙafa. In ya ɗauke, da ma bayan zaɓe zai ɗauke, kuma ba ke kika kore shi ba. Ki roƙi tsofaffin 'yan kasuwa su riƙa leƙowa, da yawansu ba su san Baba yana jira ba ne.

Mahaifinki ya yi shekaru yana magana a madadin mutanen da ba za su iya shiga majalisa ba. Yau shi ne ba ya iya faɗin tasa, kuma ke kin ji ta tun yana da lafiya. Ki faɗe ta. Allah ya ba Baba sauƙi, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya ba ki ladan jinya.