Rabin Lambar da Ya'u Ya Karanto

Zariya, Maraɗi

Zuwa ga ɗiyata Samira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zafin Yamai? Mu nan unguwar Zariya sai godiya.

Kin tambaye ni a tarho don me aka kasa gano ƙanenki Ya'u, alhali ya ba da lambar wurin da motarsu ta lalace. Bayanin ya fi ƙarfin tarho, shi ya sa na rubuto.

Sun tashi daga Agadas za su Jado da albasar Jiratawa. Da motar ta mutu a cikin Tenere, ya kira ni da tarhon direba mai aiki da tauraron ɗan'adam. Ni ya zaɓa don na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a lakwal. Ya karanto mini latitid, wato nisansu daga tsakiyar duniya zuwa arewa, na rubuta sarai. Ya shiga lonjitid, ya ce gabas, digiri goma sha... sai layin ya yanke. Na yi ta kira, shiru.

Samira, lambar farko layi ne kwance da ya ratsa hamada daga gabas zuwa yamma. Lonjitid ne layin tsaye, wanda ake ƙirgawa daga layin Girinic da ya bi ta Gana da Mali. Inda suka haɗu nan mutum yake. A can, tsakanin digiri ɗaya da na gaba ya fi kilomita ɗari, yashi zalla.

Jandarmomi, jami'an tsaron da za su fita nema, sun ce man da ke gare su ba zai isa ko'ina ba, in faɗa musu inda za su fara. Na shimfiɗa taswira, na ga hanyar da motoci suka saba bi ta faɗa kan digiri goma sha biyu. Na ce su fara can. Ki taya mu addu'a.

Mahaifinki,
Nata'ala

Zariya, Maraɗi

Ɗiyata Samira,

Ina gaishe ki. Ya ƙarin haƙuri? Ya jikinki bayan haihuwa? Kada ki damu da rashin zuwanki, kowa ya san halin da kike ciki.

Kin ji rasuwar, amma ba ki ji yadda aka yi ba. Digiri goma sha ɗaya ne, Samira, ba sha biyu ba. Direba ya kauce yamma don gudun 'yan fashi. Sai da masu nema suka gama da inda na tura su suka juya, suka tarar da mutane kwance ƙarƙashin mota. Yawancinsu da sauran numfashi. Ya'u ya cika da safiyar ranar, can suka yi masa sutura.

Direban, Sha'ibu, ya zo gaisuwa, leɓunansa ba su gama warkewa ba. Ya ce Ya'u ya karanta lambar har ƙarshe, ya maimaita, bai san tarhon ya mutu a hannunsa ba. Ya ce Ya'u ne ya hana mutane bazuwa cikin yashi, yana ce musu babansa malamin taswira ne, ba zai ɓata ba. Zaman nan wuri ɗaya ne ya tsirar da su. Sha'ibu ya faɗi haka don ya sanyaya mini zuciya. Na yi masa godiya, na shiga ɗaki.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Ko yau aka sake ba ni taswirar nan, sha biyu zan nuna. Amma duk na zauna sai in ji ina ma na ce su raba motocin neman gida biyu, ko da man bai kai ba.

Matar Ya'u, Tsahara, tana takaba a gidansu a garin Tsibiri. Jiya innarku ta tambaye ni ta wane gefe kabarin yake. Na nuna mata arewa maso gabas, wajen bishiyar dogon yaro ta bayan madafa. Yau da la'asar na tarar ta mai da tabarmarta can.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan jaririn. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Nata'ala