Bindigar Madugu Elam Rusk

Zuwa ga Yaya Lorene,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Harlan da jikoki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki. Mu nan jihar Wyoming lafiya lau. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, matata Nadine na ta fama da tuffa a kicin, kamfanina na haƙar rijiya kuwa motocinsa sun kai tara, ni da malamin lissafi ya ce ba zan zama komai ba.

Yaya, wani abu ne ya ɗaure mini kai. Kin san na daɗe ina tara bindigogin mutanen da. To, bana na samu wadda ta fi duka: bindigar harbin ɓauna ta Elam Rusk, madugun da ya riƙa ratsa duwatsun nan da ayarin kekunan shanu. Ƙungiyar masu tara irin waɗannan kaya, da suka daɗe suna yi mini kallon mai haƙa rami, suka ce za su sa ta a teburin tsakiya a bajekolin bana, da sunana a ƙasa.

Sai dai ta zo mini baƙa ƙirin, kamar an tono ta daga toka. Ke kin san ni, ko tayar motata ba na bari da laka. Na zauna na kankare tsatsar, na goge ƙarfen har ina ganin fuskata, na bi ƙotar da samfefa, na fitar da wani baƙin tabo da ke daidai wurin riƙo, na shafa mata mai. Wallahi ko ranar da ta baro hannun maƙeri ba ta kai haka kyau ba.

Da na kai wa tsoho Purdy, shugaban ƙungiyar, sai ya cire tabarau ya zauna. Ya tambaye ni ko wani maƙiyi ne ya yi mini haka. Na ce ni ne, da hannuna. Ya ce baƙin nan da na kankare shi ne bindigar, tabon kuma gumin tafin Rusk ne na shekara da shekaru, abin da kaɗai ya rage na mutumin a duniya. Wai yanzu teburin tsakiya ya wuce ni, amma in ina so zan iya taimakawa wajen jera kujeru.

Ni fa har yanzu ban gane ba. Mama ta dake mu saboda datti, yau ga dattawa masu digiri suna makokinsa. Ƙarfen nan shi ne, katakon shi ne. Ashe abin da na saya ba bindiga ba ce? Nadine ta ce garin neman gira na rasa ido. Amma abin da ya fi damuna, tun da Purdy ya ambaci gumin nan, nakan ɗauko ta bayan cin abinci in riƙe a daidai wurin, ban san dalili ba. Jiya Nadine ta leƙo ta ce in dage, nan da shekara ɗari da hamsin tabon zai dawo.

Ki gaida Harlan da jikokinki Verna da ƙaramin Cody. Agogon Baba da ke wurinki kuwa, wanda na ce ki aiko in gyara, bar shi yadda yake tukuna.

Ƙaninki,
Orville Tanberg