Na Hau Keke Don Lafiya, Aka Kawo Mini Taimakon Shinkafa

Assalamu alaikum Malam Abdulfattah. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka sakaya sunana, domin a Haɗeja ko rabin labarin nan aka ji an gane ni.

Tambayata a kan keke ce, amma bari in fara daga inda abin ya lalace. Shekarata hamsin da shida, na yi ritaya, ina da 'yar motata da rufin asiri. Wata uku ke nan likita ya ce ina da ciwon suga, in rage tuwo da shinkafa, in riƙa motsa jiki. Ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina Zulaihat. Dalili kuwa, a majalisarmu ni ne shugaban tsokanar masu shan shayi ba suga. Shekara da shekaru ina kiransu 'yan lami. Da wane baki zan ce na shiga sahunsu?

Doguwar tafiya gwiwata ba ta so. Sai na jawo tsohon baƙin keken mahaifina, Allah ya jiƙansa, aka yi masa faci, na fara fita bayan sallar asuba, in bi hanyar fadama in dawo. Na manta lokacin ne manoman shinkafa suke fita. Suka ga Alhaji da tumbinsa, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana haki a kan keken da ya girmi wasunsu. Kafin sati gari ya ɗauka na karye, ko mai ba na iya zuba wa mota. Masu babur suna tsayawa wai in hau su ƙarasa da ni. Gaisuwar da ake yi mini ma ta koma irin ta wanda ya yi gobara.

Duk wannan da sauƙi. Akwai wata tsohuwa mai suyar kifi, Iya 'Yar'azumi, aminiyar mahaifiyata. Ta zo gidana da ƙafarta, da ƙullin shinkafa a ka, daga 'yar gonarta da ambaliya ta cinye rabi bana. Ta ce uwata ta taɓa rufa mata asiri, yau ranar ramawa ce. Malam, na karɓa. Hannu biyu na sa, har da godiya da addu'a. Na gwammace a ce na talauce da a ce ina da suga. Shinkafar tana nan a ɗakin ajiya, ba na iya kallonta. Wallahi kunyar kaina nake ji.

Tun ranar ban sake hawa keke ba, sugan kuma ya hau. To shekaranjiya na ga wani tsohon keken tsere na gwanjo wajen mai sayar da kekuna, mai siraran tayoyi, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Yana da araha domin ba mai so, tunda ba ya ɗaukar buhu. Na ce wannan duk wanda ya gan ni a kai ya san motsa jiki nake, ba sai na yi magana ba. Sai dai akwai tsatsa wajen feda, kuma sabo ya fi ƙarfin fanshona. In saya? Me zan duba?

Naka, Mai Haki a Hanyar Fadama, Haɗeja.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba ka lafiya. Mu fara da keken, tunda shi ka tambaya.

Tsufa ba aibi ba ne a keken tsere, tsofaffin na ƙarfe suna da ƙarko. Je ka da mai gyaran keke da ka yarda da shi, ba abokin mai sayarwar ba. Tsatsar da ka gani, a kankare ta. In a sama take, fenti ya ishe ta. In ta ci ƙarfen ko akwai tsagewa wajen walda, bar shi komai araharsa. Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, in sandar sama ta tokare ka, ya yi maka tsawo. A juya tayoyin a ga ko suna rawa, a gwada birki da giya. Kafin ka biya, tabbatar ana samun irin tayarsa a Haɗeja, kada kowane faci ya zama tafiya Kano.

Siririyar taya ta kwalta ce, yashi da ƙayar fadama za su wahalar da kai, sai a sa mafi kaurin da zai shiga. Ƙahon ragon nan kuma zai sa ka duƙa a kan tumbi, a ɗaga shi ko a canza maka miƙaƙƙe. Babbar riga ta zauna a gida, kaca ba ta san Alhaji ba. Gaskiya ma keken mahaifinka ya isa aikin da likita ya sa ka, amma in na tseren ne zai fitar da kai kullum, saya.

Sai dai kana so keke ya yi maganar da ka kasa yi, kuma ba zai yi ba. Ban ga laifinka ba da ka ɓoye ciwonka, sirrinka ne. Amma daga ranar da ɓoyon ya ci abincin tsohuwa, ya daina zama naka kai kaɗai. 'Yan majalisa za su rama tsokana kwana biyu, ka ci bashinsu ne, sannan su koya maka abin da suka sani game da ciwon.

Kada ka mayar wa Iya shinkafarta, ka san mayar da kyauta cin fuska ne. Bari iyalinka su dafa su ci, su sa mata albarka. Kai kuma fitarka ta farko, a kan kowane keke ka zaɓa, ta zama zuwa gidanta. Ka durƙusa kamar yadda za ka durƙusa wa mahaifiyarka, ka gaya mata ciwo ne ya hau da kai keke, ba rashi ba, ka nemi yafiyarta. Bayan nan ka riƙa leƙa ta da abin da ya sawwaƙa har kaka ta zagayo. Ita ba ta ji kunyar ratsa gari da ƙulli a ka dominka ba.

Allah ya ƙara sauƙi, ya sa a hau lafiya a sauka lafiya.