Miyar Asibiti Ba Gishiri

Zuwa ga Sibiri, sanyin idona, inuwar ɗorawata, ruwan randata a tsakiyar bazara!

Yau na ci abinci, masoyina. Tun da aka ce motar albasarku ta kife a hanyar Tenkodogo, ko loma ba ta wuce maƙogwarona ba. Wayarka a kashe, ni kuwa na bar tukunyar tuwona, na bi direbobin tashar Sinkase ɗaya bayan ɗaya kamar mahaukaciya. Me suka ba ni? Kalma guda!

Danginka Mosawa suka ce "lafi", alhali na san su, ko da gawa a ɗaki haka suke amsawa. Iya Ronke mai shago ta dafa ni ta ce "alafiya", a bakinta kuwa nufinta in yi shiru, mutane na kallo. Mutanenmu Gurmawa suka ce "lafiya" suna duban ƙasa, yadda suka ce mini ranar da babana ya cika, har sai da na isa ƙofar gida na ga tabarmi. Wayyo, hasken raina! Wace lafiyar zan kama a ciki? Ta mai rai, ko ta wanda ake ɓoye mini?

Sai ga yayarka Pogbi ɗazu, ta sauko daga mota tana masifa. Wai, "Ke Damigu, je ki karɓi kayanki, ya ishe ni! Ƙafa a ɗaure, baki bai mutu ba. Miyar asibiti ba gishiri, daddawarsu ta banza, shi sai taki."

Na zube a ƙasa ina dariya ina hawaye. Kai ne wannan, babu tantama! Ka tuna ranar da ka fara zama a bencina inda nake sayar da tuwo, ka yatsine fuska ka ce miyata ba gishiri, sannan ka suɗe kwanon tas, ka dawo washegari? Wa zai ƙirƙiro mini wannan mitar in ba kai ba?

Alfarma ɗaya nake roƙo, zumata. Duk inda hanya ta kai ka, kada ka aiko mini da "lafiya". Aiko da ƙorafi, in san kana numfashi.

Gobe ina tafe da kuɓewa a kwanon nan mai murfi. Na rage gishirin da gangan.

Taka, ko da ƙafa ko da sanda, har ƙasa ta rufe idona,
Damigu