Kunnen Abba

Nassarawa GRA, Kano
12 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, ya sauƙaƙa maka karatu da sanyin Ingila. Mu nan kowa lafiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, ni kuma ina jiran takardar bautar ƙasa.

Albishirinka, matarka Hajara ta sauka lafiya, an samu namiji. Sai dai akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma da idona na gani, ba ji na yi ba. Da Gwaggo Uwani ta zo barka, ko addu'a ba ta yi ba ta kama kunnen jaririn ta juya shi wajen taga, yadda mata ke yi don su gane launin da yaro zai yi. Ta ce kunnen ya yi duhu, baƙin uwarsa ya ɗebo, don haka ba za a sa masa sunan marigayi Baba ba kamar yadda ka bar wasiyya. Wai sunan jikan Larabawa ne, a jira fari. A gaban Hajara ta faɗa, Yaya, tana kwance da ciwon haihuwa! Mutanen falo suka yi dariya.

Na gaya mata, cikin ladabi, cewa a huɗubar bankwana Manzon Allah (SAW) ya ce fari bai fi baƙi ba sai da tsoron Allah. Ta ce digiri ne ya sa ni rashin kunya. Hajara kuwa ta tafi wankan jego gidansu a Gama, ta ce ba za ta dawo inda ake duba ɗanta kamar atamfa a Kantin Kwari ba. Ban ga laifinta ba.

Na rasa wanda zai tsaya a kan wasiyyarka, sai na bi ta Gama. A wannan kunnen da Gwaggo ta juya na yi masa kiran salla, na yi masa huɗuba da Idrisu, sunan Baba. Liman ya raɗa shi ranar suna, Gwaggo ba ta zo ba, har yau ba ta amsa gaisuwata.

Don Allah ka rubuto wa Hajara da hannunka, kada ka aiko ta bakina. Maganarka take jira kafin ta yanke shawara.

Inna da Maimuna da Sule suna gaishe ka. Abba ma, haka muke kiransa, yana gaida babansa.

Ƙaninka,
Hamisu